Katate-jime, shaƙar hannu ɗaya a wasan judo: tana ci a gasa ko ta bidiyo ce kawai?

Ɗan Rumde: Slm 'yan gida, ina wuninmu, ya zafi. Metir, malamin judo, da sauran manya dan Allah tambaya gare ni kan katate-jime. Jiya a antirenma, wato wajen atisaye, na danne wani yaro da yoko-shiho, dannewar nan ta gefe, na kama kwala da hannu ɗaya na tura iya ƙarfina, wlh yaron nan kallona kawai yake yi, daga baya ma cewa ya yi haɓarsa ce ke zafi ba wuya ba. To wai abin nan yana ci kuwa ko na YouTube ne kawai?

Ɗan Njamena: Hhhh ƙanina ka ba kanka amsa ai. Ni tunda nake zuwa kompetisiyon nan Njamena ban cika ganin wanda ya ci da ita ba, okuri-eri, shaƙar kwala ta baya, ake ci da ita, sai sankaku ta ƙafafu. Ka bar ɓata lokacinka.

Kawu Tsohon Ɗan Kokawa: Ai tun kaka da kakanni an faɗa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku kuma kun je Japan kun ɗauko shaƙa da hannu ɗaya, Allah ya ba ku sa'a

Metir Marwa: Wa alaikumus salam. Kawu barka da yamma, gaskiya ka faɗa, kuma masu judo ba su musa maka ba, shi ya sa ƙirji da ƙugu da ƙafafu su ne ke ɗaukar jinkar tare da hannun. Ɗan Rumde bari in tambaye ka abu biyu kafin in ce komai. Ina babban yatsanka yake lokacin da ka kama kwalar, ciki ko waje? Sannan gwiwar hannunka sama ta yi ko ƙasa?

Ɗan Rumde: Babban yatsa a ciki Metir. Gwiwar hannu kam ina ga a sama take don turawa nake yi

Metir Marwa: To nan gizo ke saƙar. Ba a tura katate-jime, sauke ta ake yi. Saurara da kyau. Uke, wato wanda ake yi wa dabarar, yana kwance rigingine, kai kana gefensa na dama, ƙirjinka a kan ƙirjinsa. Hannunka na hagu shi ne na wajen kansa ko? Shi za ka tsallakar ta gaban wuyansa ka kama kwalarsa ta hagu, wato ta can nesa da kai, babban yatsa a ciki sauran huɗun a waje, kuma ka nutsa hannun sosai har kusa da ƙeya, ba nan wajen ƙirji ba inda yawancinku kuke kamawa don ya fi sauƙi. In ka kama a ƙirji akwai rata tsakanin hannunka da wuyansa, duk ƙarfin da ka sa rigar ce ke shanye shi. Bayan ka kama sai ka sauke gwiwar hannun zuwa tatami, wato katifar wasa, ta gefen kunnensa na dama, kaifin ƙashin hannunka na wajen ƙaramin yatsa ya kwanta a ƙarƙashin haɓa, kai kuma ka saki nauyinka a kai, ka buɗe ƙafafu, ƙugu ƙasa. Kwalar na jan gefe ɗaya na wuya, ƙashin hannunka na danne ɗaya gefen. Hannun dama bai shiga shaƙa ba amma ba hutu yake ba, shi ke tsare hannunsa na kusa da kai ko ƙugunsa don kar ya juya. In mutum ya samu damar juyawa babu sauran shaƙa ko da ƙarfinka ya kai na zakaran judo Teddy Riner.

Ɗan Njamena: Metir da girmanka, bayanin ya yi, amma ga inda ban yarda ba. Mutum yana kwance ka danne shi, arbit, alƙalin wasa kenan, ya ce osaekomi, wato dannewa ta kama, daƙiƙa 20 ka samu ippon, cikakkiyar nasara, ka tashi abinka. Daƙiƙa 10 ma waza-ari ce, rabin ippon, tun 2025 kuma da aka dawo da ƙaramin makin nan yuko daƙiƙa 5 ma tana da maki. To don me zan zare hannuna daga ƙarƙashin wuyansa in je neman kwala in ba shi ƙofa ya tsere? Wannan ai kwaɗayi ne

'Yar Kuseri: Yaya na Njamena kana magana kamar kullum ƙafarka a sake take. Sau nawa za ka kai mutum ƙasa ka hau gefensa sai ya harɗe maka ƙafa ɗaya da ƙafafunsa biyu? Nan arbit ba zai ƙirga komai ba, in ma ya fara ƙirgawa toketa zai ce, wato dannewa ta warware, kai kana ta fizgar ƙafa shi ya ƙanƙame ka da hannu biyu yana jiran arbit ya ce mate, wato a dakata, kawai. Ni a nan nake sa ta. Da abokiyar karawata ta ji ƙashi ya kwanta a wuya dole ta saki rigata ta kai hannu biyu wajen wuyanta, hankalinta ya bar ƙafa, sai in zare ƙafata in zauna daram. A takardar sakamako za a rubuta osaekomi ce ta ci amma ni na san wa ya yi aikin.

Metir Marwa: Wala! 'Yata ta gama magana. Shi ya sa ba ka "ganinta" a gasa, ba don ba ta nan ba.

Ɗan Njamena: To wannan kam na ji. Amma dai tsoratarwa ce kenan ba gamawa ba. Ni har yanzu a kan bakana nake, wanda ya san abin da yake yi ba zai buga tatami ya sallama don katate-jime ba, zai manna haɓa a ƙirji, ya juyo ya fuskance ka, ya tura gwiwar hannunka sama ta bi ta kan kansa, shi kenan ka zauna riƙe da kwala babu amfani, wani lokacin ma bayanka zai hau

Metir Marwa: E zai yi hakan in ka bar masa hannun kusa. In hannun nan yana maƙale a ƙarƙashin hamatarka ko ka danne shi da gwiwa, da me zai tura? Kuma ina so yara su ji wannan, in ya riga ya manna haɓa kar ka ce za ka murƙushe ta bisa baki da hanci, doka ta hana sa hannu a fuska, shido za ka kwasa, wato hukuncin laifi, banda haƙorin ɗan mutane. Ka jira, ka matsa masa ta wani wajen, lokacin da ya ɗaga ƙugu zai yi gada kansa yakan koma baya wuya ya buɗe, a wannan ƙiftawar ake shiga. Ita ba ta son gaggawa kuma ba ta son jinkiri, don arbit na yanzu in bai ga ci gaba a ƙasa ba nan da nan zai tada ku.

Mai Shagon Waya: Ni dai ɗan kallo ne a grup ɗin nan amma ina da tambaya, wannan ba ita ce kataha-jime ba? Sunayen duk iri ɗaya suke min

'Yar Kuseri: A'a Malam, daban suke. Kataha ta baya ake yin ta, hannu ɗaya a kwala ɗayan ya shiga ƙarƙashin hamata ya ɗaga hannun mutum ya zagaya bayan ƙeya. Tana cikin katame-no-kata, tsararren jerin dabarun ƙasa da ake nunawa, ita katate ba ta ciki

Metir Marwa: Haka ne. Shaƙa biyar ce a katame-no-kata, kata-juji, hadaka, okuri-eri, kataha, gyaku-juji. Amma a jerin Kodokan, cibiyar judo ta Japan, shaƙa 12 ce, katate-jime na ciki tare da ryote, sode-guruma, tsukkomi, sankaku, nami-juji da do-jime wadda ita an haramta ta a gasa, matse ciki da ƙafafu kenan. Tun 2017 jerin gaba ɗaya dabaru 100 ne, 68 na kayarwa 32 na ƙasa. Masu shirin jarrabawar baƙin santir, wato baƙar ɗamara, ku riƙe wannan, don ana iya cewa ka nuna kowace a ciki, ba za ka ce wa masu jarrabawa ai Ɗan Njamena ya ce ba ta ci ba

Ɗan Njamena: Hhhhh Metir ka rama, na gode. Amma tunda an zo nan, akwai ta Flávio Canto ɗan Brazil ɗin nan da ya ci tagulla a Atina 2004 a kilo 81, shi ma hannu ɗaya ne a kwala sai ya jefa ƙafa ta bisa wuya ta ƙarasa aikin. Wannan kam na yarda da ita don cinya ta fi damtse ƙarfi nesa ba kusa ba. 'Yan jiu-jitsu kuma suna da tasu daga gefe mai kama da wadda Metir ya faɗa, sai dai su ɗaya hannun sukan zura shi ta ƙarƙashin hamata su riƙe bayan kwala don kafaɗa ta kafu

Metir Marwa: Duk gida ɗaya ne a wurina. Ka lura a duka ukun abin da ake fara nema shi ne a hana jikin mutum motsi tukuna, hannun kwala shi ne na ƙarshe.

Maman Abba: Assalamu alaikum. Ku yi haƙuri in katse ku, ni mahaifiya ce, an sa ni a grup ɗin ne don sanarwar lokutan antirenma. Gaskiya tun ɗazu nake karantawa gabana na faɗuwa. Yarona shekararsa 11, na kai shi ne don ya daina yawon kartiye ya koyi ladabi, yanzu kuma ina ganin ana koyar da yadda ake shaƙe mutum dalla-dalla a waya. In ya ɗauki wayata ya karanta ya gwada a wuyan ƙaninsa fa? Metir dan girman Allah ka gaya min gaskiya, ana koya musu wannan?

Metir Marwa: Wa alaikumus salam Hajiya, tambayarki a kan hanya take kuma hakkinki ne. A dojona, wato inda nake koyar da judo, ɗan shekara 11 ba ya taɓa wuyan kowa, faɗuwa yake koyo, da kayarwa, da dannewa. Shaƙa sai sun kai kade, ajin matasa, wajen shekara 15, shi ma sai na ga yaro yana da hankalin saki. A Japan ma inda abin ya fito, tun 2022 sun cire shaƙa daga gasar 'yan ƙaramar sakandare. Kuma a gasar kade ta duniya yaron da ya suma a shaƙa ba ya sake hawa tatami a wannan gasar. Ranar da zan fara koya wa yaro, darasin farko ba shaƙar ba ce, bugawa ce, ka buga sau biyu a jikin abokinka ko a tatami, in hannu ya maƙale ka buga da ƙafa, in ƙafa ta maƙale ka ce maitta, wato na sallama. Na biyu saki nan take. Wanda aka buga masa ya ƙara ko daƙiƙa ɗaya don nuna isa, ya ɗauki takalminsa ya tafi gida.

Kawu Tsohon Ɗan Kokawa: Hajiya ni ina bayanki. Mu a fagen kokawa da mutum ya faɗi an gama, ka ɗaga shi ku rungumi juna makaɗa su ci gaba. Bin mutum ƙasa a kama masa maƙogwaro a wurinmu abin kunya ne, ko a faɗan kasuwa ma ana cewa wane ya shaƙe wane ne don a nuna ya wuce gona da iri

Nas Ngaundere: Slm, yanzu na fito daga aiki na tarar da saƙo sun taru. Kawu da Hajiya bari in sa baki ta ɓangaren da na sani, don akwai abin da ake cakuɗawa. Shaƙar da Kawu yake nufi ta maƙogwaro ce, a toshe hanyar iska, mai zafi ce, mutum na shure-shure, kuma guringuntsin wurin yana iya karyewa ya kumbura daga baya. Wadda masu judo suke nema ta jijiya ce, manyan jijiyoyi biyu da ke gefen wuya dama da hagu masu kai jini ƙwaƙwalwa, in ka sa yatsa a ƙarƙashin muƙamuƙi za ka ji suna bugawa. In aka matse su da kyau cikin daƙiƙa goma ko kusa da haka mutum ya suma, sau da yawa bai ma ji zafi ba, in an saki nan take kuma yakan farfaɗo cikin 'yan daƙiƙu yana tambayar me ya faru. To kar wani ya ji haka ya ce ashe wasa ne. Rashin zafin shi ne haɗarin, don mai taurin kai yana cewa bari in ƙara jurewa kaɗan sai ya tafi bai buga ba, in wanda ke sama bai lura ba ya ci gaba da matsa to ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin jini, 'yan mintoci kaɗan ta fara lalacewa kuma ba ta gyaruwa. Ita wannan ta hannu ɗaya da kuke magana, tunda ƙashi ta gaban wuya yake bi, ta fi saurin zamewa ta hau maƙogwaro a hannun ɗan koyo, shi ya sa ni ita ce na fi tsoro a wajen yara masu ƙarfi da ɗoki.

Metir Marwa: Malam Nas Allah ya biya ka. Wannan zamewar ita ce ciwon kaina. Shi ya sa nake cewa a nutsa hannu can ciki, in ya nutsu matsin gefe yake zuwa. Kuma ni in yara na randori, wato karawar atisaye, a ƙasa ba fuska nake kallo ba don yawanci a ɓoye take, hannu da ƙafa nake kallo. Za ka ga hannun da ke riƙe da riga gam yatsun sun buɗe a hankali ya sulale, ko ƙafa ta miƙe tana ɗan karkarwa, wani kuma ka ji wani irin minshari ya fito. Da na ga ɗaya daga ciki mate nake ƙwalawa ko daga wane lungu nake.

Ɗan Rumde: Malam Nas to in mutum ya suma me za a yi? Mu nan na ga ana ɗaga ƙafafu sama ana girgizawa, wasu su watsa ruwa

Nas Ngaundere: Farko a saki, a kwantar da shi, a sassauta kwala da santir, a duba yana numfashi. In yana yi a juya shi a gefe don kar yawu ko amai ya koma masa, a ba shi iska mutane su daina taruwa a kansa. Girgizawa da mari ba su da amfani, in ma ya bugu a wuya lokacin faɗuwa ƙara masa za ku yi. Kar a ɗura masa ruwa a baki yana sume, wannan na roƙe ku, ruwan huhu yake tafiya. In ba ya numfashi a fara danna ƙirji wani ya nemo mota, in yana numfashi amma ya ƙi dawowa da wuri shi ma sai asibiti, ba a jira a ga abin da hali zai yi. Kuma ko ya farfaɗo ya ce lafiya lau, ranar ya gama antirenma. In daga baya murya ta dishe, haɗiya na wuya, ciwon kai mai tsanani, gani ya rikice, baki ya karkace ko gefe ɗaya ya yi nauyi, ko da bayan kwana biyu ne, a kai shi asibiti a faɗa wa likita an shaƙe shi. Masu hawan jini, ciwon zuciya, farfaɗiya, sikila, su gaya wa metir ɗinsu tun farko kar a ɓoye

Maman Abba: Na gode ƙwarai, hankalina ya ɗan kwanta. Amma dai zan goge saƙonnin nan daga wayata, kuma ina roƙo a riƙa raba grup na iyaye da na manya

Admin: An ji Hajiya, magana ce mai kyau, za mu buɗe na sanarwa daban in sha Allah. Kuma dan Allah masu turo bidiyon mutane suna suma ana dariya a daina, na goge guda biyu yanzu

Kawu Tsohon Ɗan Kokawa: To ni dai ban canja ra'ayi ba amma na ji daɗin bayanin ɗana Nas. Sai dai ku gaya min, wannan duk da riga ake yi, in mutum ba riga fa kamar mu da muke shiga fage da warki?

'Yar Kuseri: Kawu in ba riga babu katate-jime, sai hadaka-jime. Kuma ko da rigar ma sai wadda ta amsa sunanta. Matsalarmu a nan rabin yara kimonon karate suke sawa don shi ake samu da araha a gwanjo, kwalarsa siririya ce laushi gare ta, ka kama ka sauke gwiwa sai ta naɗe ta zama igiya ta yanki fatar wuya, ko ka ji ɓarrr ta yage a kafaɗa. Wasu kuma tela ya ɗinka musu da yadi mai kauri ya cusa abu a kwala ta yi tauri yatsa ba ya ma shiga. A watan huɗu kuwa da zafin Kuseri ana minti goma riga ta jiƙe sharkaf, kwala na santsi a hannu, sai na riƙa goge tafin hannu a wando kafin in kama

Metir Marwa: Ta gasa ta duniya kaurin kwala ba ya wuce santimita 1, akwai abin awo da ake gwadawa kafin a shiga, don a da wasu sukan sa mai tauri da gangan kar a iya kama su. Mu nan ba za mu ce sai mai tambarin IJF, hukumar judo ta duniya, ba, kuɗinta ya fi ƙarfin iyaye da yawa, amma dai ta judo ta zama, ko ta hannu ce.

Ɗan Njamena: Ai ko 'yan ƙasa ma haka suka taso. Carine Ngarlemdana da ta riƙe mana tutar Chadi a Landan 2012, da Demos Memneloum da ta je Tokyo, ku kuma na Kamaru kuna da Vanessa Mballa da Richelle Soppi Mbella a manyan kilo. Abin da nake gani in 'yan Afirka sun fita waje sau da yawa a tsaye muna riƙe wuta, da an kai ƙasa sai a cinye mu, don a dojo awa ɗaya da rabi a tsaye ake yi, ƙasa minti goma na ƙarshe lokacin kowa ya gaji ana jiran kiran magariba

'Yar Kuseri: Yanzu kai da kanka ka dawo kan maganarmu kenan, a koyi ƙasa

Ɗan Njamena: A koyi ƙasa na ce, ban ce a koyi katate ba. In lokaci kaɗan ne gara a zuba shi a juyar da mai ruf da ciki, da okuri-eri, da juji-gatame mai kulle gwiwar hannu. Ita ta zo daga baya

Metir Marwa: A wannan jerin ban yi musu da kai ba, ni ma ba ita nake fara koyarwa ba. Inda muka rabu shi ne kai kana auna ta da yawan wanda ya buga tatami, ni ina auna ta da yawan ƙafar da ta kuɓutar da dannewar da ta tabbatar. Ɗan Rumde, kai wane santir ne ma?

Ɗan Rumde: Kore Metir, shekarata 17

Metir Marwa: To ka je wurin metir ɗinka na Garwa ka nuna masa abin da na rubuta ya duba hannunka da idonsa, kar ka gwada a kan farin santir, ka nemi wanda ya fi ka ya kwanta maka ya riƙa gaya maka inda yake jin matsin, gefe ko tsakiya. In ya ce tsakiya ka saki ka sake kamu. A hankali za ka sauke gwiwar, ba fizga ba. Kafin nan ma ka iya riƙe shi a yoko-shiho da ƙirji kaɗai hannun hagu a sake yana ƙoƙarin tashi, in ba ka iya wannan ba tukuna to shaƙar ta jira.

Ɗan Rumde: Dakor Metir, usoko. Yaya na Njamena in Allah ya haɗa mu a tatami ɗaya zan gwada a kanka

Ɗan Njamena: Kilo nawa kake?

Ɗan Rumde: 60

Ɗan Njamena: Ni 90 ne, ka fara cin tuwo tukuna hhhh. Admin wa ke da kimonon judo na hannu lamba 170 na sayarwa? Wani yarona nake nema wa, in a Kuseri ne zan tsallako gadar Ngeli ran asabar in karɓa

'Yar Kuseri: Akwai na ƙanina ya yi masa kaɗan, wandon ya ɗan tsufa a gwiwa amma rigar lafiya lau. Ka min magana ta gefe